Kisan Jinƙai a Gidajen Kula da Dabbobi: Yadda Ake Yinsa da Inda Gardamar Take

A ƙarshen watan Yulin 2024 majalisar dokokin Turkiyya ta amince da dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumomi kwashe karnukan titi zuwa gidajen kula da dabbobi, ta kuma ba da damar kashe waɗanda ciwonsu ba ya jin magani ko suka zama barazana ga mutane. 'Yan adawa da masu rajin kare dabbobi suka fito zanga-zanga suna kiranta dokar kisan kiyashi, gwamnati kuwa ta ce manufarta ita ce a sama wa karnukan masu riƙo. A watan Agustan 2025 Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umarnin a killace duk karnukan titin Delhi, bayan kwana 11 kuma wasu alƙalan kotun suka sassauta, suka ce a yi wa karnukan tiyatar hana haihuwa da rigakafi a mayar da su inda aka kamo su, ban da masu ciwon hauka da mafaɗata.

Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, tambayoyi biyu ne ke cakuɗewa. Ta farko, yaya ake kashe dabba ba tare da an azabtar da ita ba? Ta biyu, wace dabba ce ya halatta a kashe, wa kuma ke da hurumin yanke hukuncin? Likitocin dabbobi sun daɗe da haɗa baki a kan ta farko. Ta biyun ce har yau ake ta kai ruwa rana.

## Me ake kira kisan jinƙai?

A wurin likitocin dabbobi, kisan jinƙai shi ne ɗauke ran dabba ta hanyar da hankalinta zai gushe nan da nan, sa'annan numfashi da zuciya su tsaya alhali ba ta san abin da ake ciki ba. Sharaɗin bai tsaya ga daƙiƙar mutuwa ba. Yadda aka kamo dabbar, yadda aka riƙe ta, ƙarar da take ji da warin da take shaƙa a ɗakin, duk suna cikin lissafi. Karen da aka ja da ƙarfi yana turjiya yana ihu har bakin tebur, ko da allurar ba ta yi masa zafi ba, ba a cika masa sharaɗin ba.

Gidajen kula da dabbobi su ma iri biyu ne, kuma rashin bambance su ne ke jawo yawancin rashin fahimta. Akwai masu buɗaɗɗiyar ƙofa, galibi na hukuma ko waɗanda hukuma ta ba kwangila, waɗanda ba su da ikon korar dabbar da aka kawo: ɓataccen kare, kyanwar da mota ta buge, karen da ya ciji yaro, dabbobin da kotu ta ƙwace daga hannun mai zaluntarsu. Akwai kuma masu zaɓe, yawanci na ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda in wuri ya cika sai su ce a dawo wani lokaci.

Dalilan kisan sun kasu uku: rashin lafiyar da ba a sa ran warkewa, halin faɗa da ake tsoron zai cutar da mutane ko wasu dabbobi, da kuma rashin wuri. Na ukun ne tushen rigima, har wasu ke cewa kashe lafiyayyar dabba don a samu keji bai cancanci a kira shi jinƙai ba komai laushin allurar.

Tambayar ta girmi gidajen kula da dabbobi nesa ba kusa ba. Malaman fiƙihu sun taɓo ta tun da daɗewa: Malikawa sun halatta yanka dabbar da ba a cin namanta idan an ɗebe tsammani da rayuwarta don a hutar da ita, Shafi'awa kuwa sun hana.

## Daga kogi zuwa allura

A birnin New York na shekarun 1870, karnukan da aka kama ba a zo fansa ba akan zuba su a kejin ƙarfe a nutsar cikin kogin East River. A wasu biranen duka ne da kulki, ko harbi, ko guba. Ƙin wannan ɗanyen aiki na cikin abin da ya haifar da gidajen kula da dabbobi na farko: Mary Tealby ta kafa wanda daga baya aka sani da gidan karnuka na Battersea a Landan a 1860, Caroline Earle White da abokan aikinta mata suka kafa nasu a Filadelfiya bayan sun haɗa ƙungiyarsu a 1869. Abin lura shi ne waɗannan mutane ba su yi alkawarin daina kisa ba. Alkawarinsu shi ne a daina azabtarwa. A 1884 Battersea ya fara amfani da ɗakin iska mai sa barci wanda likita Benjamin Ward Richardson ya ƙera, a lokacin kuma an ɗauke shi babban ci gaba.

Ƙarni na 20 ya gwada hanyoyi da dama: wutar lantarki, hayaƙin injin mota da ake turawa cikin akwati, da ɗakin da ake zuƙe iskarsa har dabba ta suma. Wannan na ƙarshen ya yi tashe a Amurka kafin jihohi su bi shi da haramci ɗaya bayan ɗaya, ya ɓace a shekarun 1980. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka, AVMA, ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan kisan jinƙai a 1963, tana sabunta su lokaci zuwa lokaci, har da bugun 2020, kuma ƙasashe da yawa su suke dubawa idan za su tsara nasu.

Yawan dabbobin da ake kashewa shi ma ya faɗi warwas a ƙasashe masu arziki. A Amurka ta shekarun 1970 an ƙiyasta ana kashe karnuka da kyanwoyi miliyan 12 zuwa 20 a gidajen kula da dabbobi kowace shekara. Ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Amurka, ASPCA, ta ƙiyasta miliyan 2.6 a 2011, alƙaluman 2023 kuma suka nuna kimanin 690,000 daga cikin wajen miliyan 6.5 da suka shiga gidajen. A Japan adadin ya haura miliyan 1.2 a 1974, ya dawo ƙasa da 15,000 a farkon shekarun 2020. Ba canjin allura ne ya kawo wannan ba. Tiyatar hana haihuwa ce ta yaɗu ta yi arha, mutane suka rage barin dabbobinsu suna yawo, ɗaukar dabba daga gidan kula kuma ya zama abin yi.

## Abin da ke faruwa a ɗakin allura

Hanyar da AVMA da ƙungiyar likitocin gidajen kula da dabbobi suka fifita ga kare da kyanwa ita ce allurar sodiyam fentobabital a jijiya. Maganin sa barci ne mai ƙarfi da aka taɓa amfani da shi wajen tiyata, sai dai a nan ana ba da shi fiye da kima da gangan. Yana fara danne ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da sani, dabbar ta sume cikin 'yan daƙiƙoƙi, sa'annan numfashi ya tsaya, zuciya ta biyo baya cikin 'yan mintoci. Wannan jeri shi ne dalilin fifita shi: sani ne ke fara tafiya kafin komai.

Aikin yakan fara tun kafin a ɗauko sirinji. Ana tabbatar da cewa dabbar da ke gaban ma'aikaci ita ce wadda ke cikin takarda, a sake bin jikinta da na'urar karanta 'yar alamar lantarki da ake dasawa ƙarƙashin fata ko za a dace da mai ita, a duba cewa wa'adin jiran da doka ta gindaya ya cika kuma ba wanda ya nemi ɗaukarta. Kuskure a wannan mataki ba ya gyaruwa, shi ya sa gidaje da yawa ba sa yarda mutum ɗaya ya sa hannu shi kaɗai. Ɗakin ya zama shiru, a keɓe, kada wata dabba ta ga ana yi wa 'yar'uwarta ko ta ga gawa. Mutum biyu ne ke aikin, ɗaya ya riƙe a hankali yana lallashi, ɗaya ya nemi jijiyar ƙafar gaba.

Dabbar da ta firgita, ko mai cizo, ko wadda ciwo ya sa ba ta taɓuwa, ana fara yi mata allurar kwantar da hankali ko ta barci a tsoka, a jira ta lafa. 'Yan jariran kyanwa da jijiyarsu ba ta samuwa akan yi musu a cikin ciki, a sa su wuri mai duhu da shiru, domin wannan hanyar ta fi ɗaukar lokaci. Allura kai tsaye a zuciya kuwa ba a yarda da ita ba sai ga dabbar da ta riga ta sume sarai. Yi wa mai ido biyu azaba ce, kuma tana cikin laifuffukan da ake kama gidajen da ba su da horarrun ma'aikata da su.

Akwai abubuwan da kan tayar wa mai kallo hankali alhali ba alamar wahala ba ne. Ido yakan kasance a buɗe. Tsoka kan yi motsi, dabbar kan ja wani dogon numfashi guda bayan ta riga ta sume, fitsari ko kashi kan zubo. Ma'aikacin da ya san aikinsa yakan gaya wa mai dabba wannan tun kafin a fara. Bayan haka dole ne a tabbatar da mutuwa, a saurari zuciya, a duba ido da numfashi, kafin a ɗauke gawar.

Gawar ma tana da nata hukunci, saboda maganin ba ya barin nama. A Amurka an sha samun gaggafa da sauran masu cin mushe sun mutu bayan sun ci gawar da aka yar a juji ba a rufe ba, a 2017 da 2018 kuma an janye wasu nau'o'in abincin karnuka daga kasuwa bayan an gano ɓurɓushin maganin a ciki. Don haka ƙonawa ake yi, ko binnewa mai zurfi.

Matsalar fentobabital ita ce samunsa. Magani ne da hukumomin hana shan ƙwaya ke sa wa ido sosai: sai da lasisi, sai a kulle, kowane ɗigo a rubuce. A wasu jihohin Amurka an yarda horarren ma'aikaci mai takardar shaida ya yi allurar, a wasu ƙasashen sai likita. A 2021 an yi ƙarancinsa a Amurka har AVMA ta fitar da bayani kan magungunan da za a iya musanya shi da su. Idan haka ta faru a can, ana iya kwatanta halin ƙasashen da likitan dabbobi ɗaya ke riƙe da lardi guda kuma maganin ba ya shigowa kwata-kwata.

## Hanyoyin da aka yi watsi da su

Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, WOAH, mai hedikwata a Paris, ta ware babi guda a kundinta kan sarrafa yawan karnuka, ta kuma lissafa hanyoyin da ba ta yarda da su ba. A ciki akwai nutsarwa a ruwa, ƙonawa, daskarewa, shaƙewa, da guba irin su sitirikinin da sayanayid. Sitirikinin, wanda har yanzu ake cusawa a nama a watsa a titi a wasu wurare, yana sa jiki ya sandare yana fizga alhali dabbar tana sane da komai, ga shi ba ya zaɓar wanda zai ci shi: karen gida, tsuntsu, ko yaro.

Mafi yaudara su ne magungunan da ke shanye tsoka. Dabbar takan kwanta lamo kamar mai barci, mai kallo ya ɗauka an yi aiki mai tsabta, alhali tana ji tana gani, numfashi ne ya gagare ta. Ba a yarda a yi amfani da su su kaɗai ba. Haka sinadarin fotasiyam kuloraid da ke tsayar da zuciya: sai an sumar da dabba tukuna.

Ɗakin iskar kabon monokzayid shi ne aka fi daɗewa ana ja-in-ja a kansa. Masu kare shi sukan ce yana raba ma'aikaci da cizo kuma yana rage masa nauyin zuciya. Masu suka sukan ce dabbobin kan firgita tun daga turawa ciki, jarirai da tsofaffi da masu ciwon huhu ba sa mutuwa da wuri, ma'aikata ma ba su tsira ba, domin a 2000 iskar ta kashe wani ma'aikaci a jihar Tennessee. AVMA ba ta haramta shi ɗungurungum ba, amma ta ce bai dace ya zama hanyar yau da kullum ga kare da kyanwa ba. Jihohi da dama sun hana shi da doka, Utah ta bi sahu a 2023. Harbi da bindiga kuwa an bar shi ga halin larura a fili, a hannun gwani, inda ba yadda za a kai dabbar ga allura.

## Wace dabba, wa zai ce?

Karen da ciwon daji ya cinye ko wanda mota ta karya wa gadon baya ba ya raba kawunan mutane. Inda ake wahala shi ne tsakiya: tsohon kare mai ciwon suga da zai rayu idan an samu mai yi masa allura kullum, kyanwa mai makero da ke warkewa amma yana yaɗuwa a keji, 'yan jariran da ke buƙatar a shayar da su kowane awa biyu ko uku dare da rana. Ko za a kira waɗannan masu warkewa, ya danganta ne ga kuɗi da hannayen da gidan ke da su. A 2004 shugabannin ƙungiyoyin dabbobi na Amurka sun haɗu a Asilomar ta jihar Kalifoniya suka tsara rabe-rabe: lafiyayya, mai warkewa, wadda za a iya lallaɓawa da ciwonta, da wadda ba ta da magani. Amma sun bar wa kowace al'umma ta fayyace abin da ya faɗa kowane rukuni, don haka dabbar da ta tsira a wannan gari tana iya rasa ranta a na gaba.

Hali ya fi ciwo wuyar aunawa. An daɗe ana yi wa karnuka gwaji a gidajen kula, a taɓa kwanon abincinsu da hannun roba, a nuna musu 'yartsana mai kamar yaro, a ga ko za su kai cizo. A 2016 masu bincike Gary Patronek da Janis Bradley suka nuna da lissafi cewa irin wannan gwaji ba ya hasashen halin kare a gida yadda ake zato, domin karen da ke cikin hayaniya da baƙin wari ba ya cikin hayyacinsa, kuma da yawan waɗanda suka faɗi gwajin ba za su ciji kowa ba. Tun daga nan gidaje da yawa suka koma dogaro da tarihin karen da abin da aka gani daga gare shi kwana da kwanaki. Wannan bai kawar da ɗaya hatsarin ba: gidan da ya ba wani iyali karen da aka san ya taɓa yin mugun cizo, in abu ya faru, shi za a kama.

Wani lokaci doka ce ke yanke hukuncin tun kafin a ga dabbar. Daga ƙarshen Disambar 2023 aka haramta sayarwa ko bayar da karnuka jinsin XL Bully a Ingila da Wales bayan hare-haren da suka yi sanadin mutuwar mutane. Gidan kula da ke riƙe da irinsu ba shi da damar ba wa kowa, komai sanyin halin karen, gwamnati kuma a lokacin ta ware fam 200 ga mai kare da fam 100 ga gidan kula a matsayin gudummawar kuɗin kisan.

## Masu cewa kada a kashe, da masu ce musu to ina za a kai su

Yunƙurin da ake kira "ba kisa" ya yi ƙarfi ne daga San Francisco, inda a 1994 ƙungiyar kare dabbobi ta birnin ƙarƙashin Richard Avanzino ta ƙulla yarjejeniya da hukumar birnin cewa za ta karɓi duk lafiyayyen kare ko kyanwar da hukumar ta rasa mai ɗauka. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce kisa ya zama wa gidajen kula hanya mai sauƙi, har ta hana su neman wata. Da aka matsa musu, sai ga dabaru sun fito: masu riƙon wucin gadi a gidajensu, jigilar dabbobi daga inda suka yi yawa zuwa inda ake nema, buɗe ƙofa a ranakun hutu, taimaka wa mai dabba da abinci ko kuɗin magani don kada ya rabu da ita. Ba mai musun cewa waɗannan sun ceci dabbobi masu ɗimbin yawa.

Sunan dai yana ruɗarwa. A ma'aunin da ƙungiyar kare dabbobi ta Best Friends a Amurka ta yaɗa, gida ya zama na "ba kisa" idan kashi 90 cikin 100 na dabbobin da suka shiga sun fita da rai. Ragowar kashi 10 an bar su ne don masu ciwon ajali da masu hatsari. Ke nan har a can ana yin allurar.

Masu suka, ciki har da ƙungiyar PETA mai fafutukar kare haƙƙin dabbobi da ma'aikatan gidajen hukuma da yawa, suna cewa lamba ce aka mayar abin bauta. Gidan da ke tsoron kasonsa ya sauka ƙasa da 90 yana da hanyoyin kare kansa da ba su amfani dabba: ya ƙi karɓar tsofaffi da marasa lafiya, ya sa mutane a jerin jira na watanni, ya cusa karnuka uku a kejin ɗaya, ko ya miƙa dabbobi ga duk wanda ya ce yana so ba bincike. Dabbar da aka kora daga ƙofa ba ta shiga lissafin kowa, ko da a bakin hanya ta ƙare. Su ma masu "ba kisa" suna da abin faɗa game da PETA, domin bayanan da gidanta na Norfolk ke miƙa wa jihar Virginia sun nuna shekara da shekaru tana kashe kaso mai yawa na dabbobin da ta karɓa. Ita kuma takan ce waɗanda kowa ya ƙi ne ake kawo mata.

Likitocin gidajen kula sun shigo da wani ma'auni na daban a ƙa'idojinsu na 2010 da suka sabunta a 2022: kowane gida yana da iyakar dabbobin da zai iya kula da su yadda ya kamata, kuma iyakar ba yawan keji ba ce kaɗai, har da yawan ma'aikata da lokacinsu. Da zarar an wuce ta, cututtuka irin su fabo mai sa amai da gudawa, da ciwon tari na karnuka, sukan ɓarke, karen da ya shigo lafiya ya fara zagaye keji yana cizon ƙarfe, wanda da zai samu mai ɗauka ya zama ba mai so. A nan ne gardamar ke zama gaba kura baya sayaki, domin shekara biyar a keji ma wani nau'in hukunci ne, illa dai ba wanda ya sa hannu a kansa.

## Inda doka ta hana

Italiya ta haramta kashe karnuka da kyanwoyin titi tun 1991, sai masu ciwo mai tsanani ko waɗanda aka tabbatar da hatsarinsu. A arewacin ƙasar abin ya yi aiki gwargwado. A kudu karnukan titi ba su ƙare ba, an kuma samu 'yan kwangila da ƙananan hukumomi ke biya kuɗin kowane kare kowace rana, tsarin da ke sa riƙe kare ya fi sakinsa riba. A Jamus kashe dabba ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba laifi ne da kan kai ga ɗaurin shekara uku, rashin wuri kuma ba ya cikin dalilan da ake karɓa; amma Jamus ba ta da tarin karnukan titi, ana rajistar kare ana kuma biya masa haraji. Taiwan ta daina kisa a gidajen hukuma a Fabrairun 2017, cunkoso ya biyo baya. Romaniya ta bi ta ɗaya gefen a 2013, ta yarda a kashe karen da ya yi kwana 14 na aiki ba a zo nemansa ba.

Idan aka jera waɗannan, abin da ke fitowa shi ne haramci yana tsayawa da ƙafarsa ne inda aka riga aka rage yawan dabbobin da ke shigowa. Wannan ne ya sa lissafin Turkiyya ya tayar da hankalin har waɗanda ba sa adawa da kwashe karnukan: gwamnati ta ƙiyasta karnukan titi miliyan 4, gidajen da ake da su lokacin da aka yi dokar kuwa ba su ɗaukar fiye da kimanin 105,000, an kuma ba ƙananan hukumomi zuwa 2028 su gina sauran.

Hujjar lafiyar jama'a ita ma tana buƙatar a tantance ta. Ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare. Karen da ciwon ya bayyana a jikinsa ba ya tashi, kashe shi jinƙai ne gare shi kuma kariya ce ga mutane. Amma karkashe karnuka barkatai bai taɓa kawar da ciwon ba, saboda waɗanda suka rage sukan hayayyafa su cike gurbin, wasu ma masu rigakafi ne ake kashewa. Tsibirin Bali ya gwada bayan ɓarkewar 2008, ciwon bai lafa ba sai da aka koma yi wa karnuka rigakafi gadan-gadan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi ne ke katse yaɗuwarsa, ta wannan hanyar kuma Meziko ta samu shaidar hukumar a 2019 cewa ta kawar da ciwon da ke kama mutane ta cizon kare. WOAH ma ta rubuta ƙarara cewa kisa shi kaɗai ba ya rage yawan karnuka.

## Masu riƙe sirinjin

Yawancin masu wannan aiki son dabbobi ne ya kawo su, sai ga shi su ne ke kashe waɗanda suka ciyar da safe. Masanin zamantakewa Arnold Arluke ya yi rubutu a kan wannan tufka da warwara tun shekarun 1990, bincike kuma ya sha nuna yawan damuwa, rashin barci da barin aiki a tsakaninsu. A 2016 wata likitar dabbobi da ke shugabantar wani gidan hukuma a Taiwan ta kashe kanta bayan an yi mata ca a intanet kan yawan karnukan da aikinta ya tilasta mata kashewa. Gidajen da suka ɗauki abin da muhimmanci sukan yi karɓa-karɓa a ɗakin allura, su bar ma'aikaci ya janye idan dabbar da ya shaƙu da ita ce, su kuma sa hukuncin ya zama na kwamiti. Wannan ya shafi dabbar kai tsaye, domin gajiyayyen hannu ne ke kuskuren jijiya.

## Abin da ya shafi mai dabba da maƙwabcinsa

Wanda dabbarsa ta ɓata, agogo ne ke bin sa. A Ingila kwana 7 doka ta ba hukuma ta riƙe ɓataccen kare, a yawancin jihohin Amurka tsakanin kwana 3 ne zuwa 7, bayan haka gidan na da ikon bayar da shi ko kashe shi. Alamar lantarki tana taimakawa ne kawai idan lambar wayar da ke rajistar tana aiki. Wanda kuma ya kai dabbarsa da kansa ya sa hannu ya sallama, a wurare da yawa wannan wa'adin bai shafe shi ba, don haka gara ya tambaya tun kafin ya sa hannu.

Mai biyan haraji shi ma yana ciki ko bai taɓa kiwon kare ba. Riƙe dabba shekaru yana cin kuɗi fiye da allura, tiyatar hana haihuwa da rigakafi kuma suna cin kuɗi yau ne amfaninsu ya fito bayan shekaru, abin da ba kowane shugaban ƙaramar hukuma ke da haƙurin jira ba. Inda gidajen kula suka cika suka rufe ƙofa, maƙwabta ne ke ganin sakamakon a titi. Alƙaluman Amurka na bayan annobar korona sun nuna yadda abin ke bin aljihun mutane: tsadar haya, masu gidajen da ba sa yarda da manyan karnuka, da tsadar asibitin dabbobi sun sa karnuka suna daɗewa a keji, har a 2023 yawan karnukan da aka kashe ya zarce na kyanwoyi.

Mai son auna gidan kula da dabbobi, ko don ya ba da gudummawa ko don ya kai dabba, kason waɗanda suka fita da rai ba zai ishe shi ba. Sai ya haɗa da tambayar ko gidan yana karɓar duk dabbar da aka kawo, kwana nawa dabba ke yi a ciki, nawa ne ke mutuwa a keji ba tare da an yi musu allura ba, wane magani ake amfani da shi, da kuma wanda ke sa hannu kafin a yi.